Daga hular kwano zuwa ankwa: yadda ƙaramin laifi ke zama babba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar hanya a Maraɗi da hantsi, ko ta wajen babbar kasuwa ko ta hanyar da ke fita zuwa Ɗan Isa, ya san yadda abin ke farawa. Usur ya yi ƙara, ɗan kabu-kabu ya rage wuta, ɗan sanda ya matso ya ce, "Kawo takardu." Yaro ya shiga laluben aljihu: "Shef, wallahi takardun na wurin maigidana." Kafin ya rufe baki an zare makulli. A nan hanya ke rabuwa biyu. Ko dai yaron ya sauko ya tura babur gefe yana ba da haƙuri, ko kuwa ya cafke hannun da ya zare makullin. In ya cafke, maganar hular kwano ko inshora ta ƙare ke nan, an shiga wata magana daban. Laifin da ɗazu tara ce kawai hukuncinsa ya koma tirjiya da cin mutuncin jami'i a bakin aiki, su kuwa waɗannan kaso ake zuwa a kansu.

Dokar Nijar, kamar ta Faransa da aka gado, ta kasa laifi gida uku. Akwai ƙanana, irin rashin hular kwano, tsayawa inda aka hana, zubar da ruwan datti a titi. Akwai matsakaita, irin sata, zamba, cin amana da duka. Akwai manya, irin kisa da fyaɗe. Abin da ya kamata shi ne nauyin hannun hukuma ya bi nauyin laifin. Amma in ka bibiyi mutanen da suka mutu ko suka naƙasa a hannun jami'an tsaro a ƙasashe daban-daban, za ka tarar da yawansu ba a kan babban laifi aka tare su ba. Abin da ke auna ƙarfin da jami'i zai sa ba girman laifin ba ne, tambayoyi uku ne da ke yawo a ransa lokacin da yake tsaye gaban mutum: in na sake shi, zan same shi gobe? Zai iya cutar da ni yanzu? Ya raina ni a gaban jama'a? Kowace ƙasa da tambayar da ta fi damun ƴan sandanta.

A Amurka ta biyu ce. Bindigogin da ke hannun jama'a a can sun fi mutanen ƙasar yawa, don haka ɗan sanda yana tunkarar motar da ya tsayar kan fitilar baya da ta mutu da tunanin ana iya harbinsa. Kusan mutum 1,000 ƴan sanda ke harbewa har lahira kowace shekara a ƙasar. Ga kuma doka da ta sakar musu mara: a 2001 kotun ƙolinsu ta ce ba laifi don an sa wa wata mata ankwa a jihar Tekzas an kai ta caji ofis kan rashin ɗaura bel a mota, laifin da tararsa ba ta wuce dalar Amurka 50 ba. Shi Eric Garner, da aka shaƙe a birnin Niyok ranar 17 ga Yulin 2014, zargin da ake masa shi ne sayar da sigari kara-kara ba tare da haraji ba. A nan garin, wane mai tebur ne ba ya sayar da sigari kara-kara? Sau 11 mutumin nan ya ce ba ya iya numfashi, alhali tun 1993 rundunar birnin ta haramta wa jami'anta shaƙe wuya. George Floyd kuwa, a Miniyafolis ranar 25 ga Mayun 2020, takardar dala 20 ce aka ce ta jabu ce. Aka danne masa wuya da gwiwa minti 9 da daƙiƙa 29.

A Ingila yawancin ƴan sandan sintiri ba su ɗaukar bindiga, al'adar da ta faro tun kafa rundunar Landan a 1829, kuma waɗanda ake harbewa a shekara ba su cika yatsun hannu biyu ba. Finlan ta bi ta aljihu: tara tana bin abin da mutum ke samu a rana, har a 2002 aka ci wani babban ma'aikacin Nokia tarar yuro 116,000, wajen miliyan 76 na sefa, don ya yi gudun kilomita 75 a inda aka ƙayyade 50, ko da yake kotu ta rage masa daga baya. A waɗannan ƙasashe tambaya ta farko ba ta tasowa. Kowa na da lambar gida, lambar mota tana kai ka ga mai ita, takardar tara tana iske mutum har ɗakinsa. Wanda ka tabbata za ka same shi gobe, mi zai sa ka yi kokawa da shi yau?

Wadda ta fi kama da tamu ita ce Japan, abin mamaki. Suna da ƙananan ofisoshin ƴan sanda na unguwa da suke kira koban, wajen 6,000, kuma jami'in unguwa yana bi gida-gida yana sanin mazauna. In mutum ya yi ɗan ƙaramin laifi karo na farko, kamar ɗaukar abu mai arha a kanti, ana iya kashe maganar a ofis: ya biya, ya rubuta takardar neman gafara, wani nasa ya zo ya tsaya masa ya tafi da shi. Ba aljanna ba ce, don a can ana iya tsare wanda ake zargi har kwana 23 kafin a tuhume shi. Amma wannan dabara ta "wani nasa ya zo ya tsaya masa" mun fi su sanin ta.

A Maraɗi adireshin mutum ba lambar gida ba ce, mutane ne. In aka ce yaron nan ɗan gidan wane ne a Bagalam, ko yaron shagon Alhaji wane ne a Sabon Gari, to an same shi. Mai unguwa shi ne akwatin gidan waya. Doka ma ta san da haka: dokar 2015 kan matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sulhu a rigingimun al'ada, na tsakanin jama'a da na ciniki, tun daga mai unguwa da mai gari har fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, kuma ana rubuta takardar sulhun. Shi ya sa faɗan maƙwabta kan magudanar ruwa, ko akuya da ta ci wake a gonar wani, ko yara da suka fasa gilashi da ƙwallo, yawanci ba su ganin ƙofar komisariya, wato ofishin ƴan sanda. Dattijo ya zo ya ce, "Ɗana, ka yi mini wannan alfarma, ni zan kawo shi da kaina gobe," jami'i ya ce, "To Baba, saboda ku." Babu wanda aka taɓa.

Ni a ganina wannan tsari ya fi tarar Turawa rahama, sai dai yana da rami babba. Yana aiki ne ga wanda ke da mutane. Almajiri, ɗan ci-rani daga ƙauyen Dakwaro ko Mayahi, yaron da ya tsallako daga Jibiya neman aikin ƙarfi, ba su da dattijon da zai tsaya musu, ba su da katin ɗan ƙasa a aljihu. Amsar tambayar "zan same shi gobe?" a kansu a'a ce, sai a riƙe jikinsu ko abin sana'arsu a matsayin jingina. Zare makulli da kai babur ma'ajiyar hukuma asalinsu ke nan: jingina ce. Kuma jinginar ta fi laifin tsada nesa ba kusa ba. Yaron da ke kai wa maigida balas kullum, in babur ya kwana uku a tsare, ya yi asarar abincin kwana uku, ga bashin balas, ga kuɗin ajiya, wataƙila ma maigidan ya karɓe babur ya ba wani. Shi ba tarar jika kaɗan yake gani ba, rayuwarsa yake gani ana turawa gefen titi. Wanda ya gane haka ba zai yi mamakin abin da ya faru a Sidi Buzid ta Tunisiya ba, inda ma'aikatan magajin gari suka ƙwace kayan Muhammad Bu'azizi mai tallar kayan lambu ranar 17 ga Disambar 2010, ya cinna wa kansa wuta, kafin wata guda shugaba Ben Ali ya tsere daga ƙasar.

Tambaya ta uku, ta raini, tana da tsohon tarihi a nan. Zamanin Faransa, ƙarƙashin dokar da ake yi wa talakawan mulkin mallaka, kumandan na iya ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ba, kan abin da bai wuce rashin gaisuwa ko jinkirin haraji ba. Sai a 1946 aka soke ta. Kaki ya fara shigowa ƙasar nan ne da bulala a hannu, kuma har yau akwai masu ganin in ba a ji tsoronsu ba to ba a girmama su ba. A ɗaya ɓangaren, Bahaushe yana iya haƙura da tara amma ba ya haƙura da mari a gaban surukai ko yaransa. Mutum biyu ke nan kowa na tsaron mutuncinsa, ga ƴan kallo sun yi da'ira. Jami'in da ya ƙware ya san abu na farko shi ne raba mutum da ƴan kallo: a ja shi gefe, a yi sallama, a kira shi Malam ko Alhaji ko ƙanena gwargwadon shekarunsa, a faɗa masa laifin da sunansa, a faɗa masa abin da zai biyo baya da inda zai je ya karɓi abinsa. Rabin tirjiya daga rashin sanin abin da zai faru take fitowa.

Ƙa'idar amfani da ƙarfi ba ɓoyayyiya ba ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara ta a taron Habana na 1990, kuma ita ake koyarwa a makarantun ƴan sanda da jandarma. Dole a sami hujjar doka, dole ya zama babu wata hanya, dole ƙarfin ya yi daidai da abin da ake fuskanta, kuma dole a ba da bahasi daga baya. Matakan suna hawa ne: ganin kaki, magana, gargaɗi, riƙe hannu, ankwa, kulki ko barkonon tsohuwa, sannan bindiga can ƙarshe, ita kuwa sai in rai na cikin haɗari nan take. Gudu kaɗai ba ya halatta harbi. Abin da aka fi mantawa shi ne tsanin nan ana sauka daga kansa kamar yadda ake hawa. Da zarar mutum ya daina tirjiya, duk wani bugu da ya biyo baya horo ne, horo kuwa aikin alƙali ne. Tun 2020 dokar hukunta laifuka ta Nijar ta ware azabtarwa a matsayin laifi mai zaman kansa.

Bari in daɗe kaɗan a kan jiki, don a nan ake kuskuren da ba ya gyaruwa. A gefen wuya biyu akwai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. In aka matse su, cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka mutum na iya suma, in kuwa ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 zuwa 5 ba iska, ɓarnar ta zauna. Kifa mutum rub da ciki a hau bayansa shi ma kisa ne a hankali, don ƙirji da ciki ba su samun wurin buɗewa, ga shi ya gama gudu ko kokawa jikinsa na neman iska ninkin-ba-ninkin. Yana ta mutsu-mutsu don ya shaƙi iska, wanda ke kansa yana ɗauka gardama ce, sai ya ƙara danna. Maganar nan da ake yi, "ai tunda yana magana yana numfashi," ƙarya ce: iskar da ke isa a furta kalma biyu ba ta isa ta riƙe rai ba. Haka Cédric Chouviat, mai kai saƙo a babur, ya mutu a Faris a Janairun 2020 bayan an tare shi a kan hanya. Ƙa'ida ita ce da ankwa ta shiga a juya mutum kan haƙarƙarinsa ko a zaunar da shi, kuma in ya yi shiru kwatsam bayan ihu, ba ladabi ya yi ba, a duba numfashinsa.

Ankwa a bar sararin yatsa ɗaya tsakaninta da fata, a kuma kulle ta yadda ba za ta ci gaba da matsewa ba, in ba haka ba tana kashe jijiyar bayan babban yatsa, mutum ya yi watanni hannu a mace. Kulki wurinsa tsokar cinya ko damtse, ban da kai, wuya, gadon baya, ƙugu da gaba. Bulala ko dorina da yawa a cinya da mazaunai, wadda wasu ke ɗauka mai sauƙi ce tunda ba a karya ƙashi ba, tana dagargaza tsoka, dattin tsokar ya bi jini ya toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma kalar shayi, ya ragu, bayan kwana ɗaya ko biyu; wanda ya ga haka a kai shi likita ba jinkiri. A ƙara da yanayinmu: zafin Afrilu da Mayu da ke wuce awo 40, mai azumi, mai ciwon sikila da ba a rubuce take a goshinsa ba. Abin da lafiyayye zai jure da sanyin safiya yana iya kashe wani da azahar a bayan mota a rufe.

Bin mai babur da gudu ma haka. Kilomita 50 a awa daidai yake da mita 14 kowace daƙiƙa, kuma faɗuwa a wannan gudu kamar faɗowa ce daga tsayin mita 10. Wanda ake bi don ba shi da hular kwano, ai shi ne wanda kansa ba zai jure faɗuwar ba, ban da fasinjan da bai san hawa ba bai san sauka ba, da mai tallar da ke tsallaka titi. A rubuta lamba a bar shi. Faransa ta ɗanɗana kuɗar wannan a Yunin 2023, da ɗan sanda ya harbe Nahel, ɗan shekara 17, cikin mota a Nantar kusa da Faris don ya ƙi tsayawa, ƙasar ta yi kwanaki tana ci da wuta.

Kada kuma mu ɗora wa masu kaki komai. Mafi munin ƙarfi kan ƙaramin laifi a garuruwanmu daga jama'a yake fitowa. A yi ihun "ɓarawo!" a kasuwa kan wayar hannu ko kwanon gero, kafin a tambayi mi ya ɗauka an fasa masa kai, kuma sau da yawa ɗan sandan da ake zagi shi ne ke kutsawa ya fitar da shi da rai. Doka ta yarda kowa ya kama wanda ya gani yana sata, amma iyakarta a riƙe shi a miƙa wa ɗan sanda ko jandarma mafi kusa. Lambar ƴan sanda 17 ce. Duka bayan kamu laifi ne a kan mai dukan, in ya mutu kuwa kisa ne, ko mutum ɗari suka taru. Masu fakewa da addini su tuna Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa, kuma haddi hurumin alƙali ne, da shaidu da sharuɗɗa. Wa ake kashewa a irin wannan taro? Baƙon nan dai da ba wanda zai ce "ku bari, na san ubansa."

Akwai wani abu da ya shafi garin kasuwanci irin namu, inda kaya ke tafiya kan amana. Bashi ba laifi ba ne. Wanda ya karɓi buhu 20 na shinkafa bashi ya kasa biya, maganarsa ta mai unguwa ce ko kotun da ke duba rigimar kuɗi, ba ta ɗakin tsaro ba. Yarjejeniyar duniya kan ƴancin jama'a da Nijar ta shiga a 1986 ta hana ɗaure mutum don ya kasa cika alkawarin ciniki. Inda ake rikicewa shi ne cin amana da zamba, su laifi ne: an ba ka kaya ka kai Zinder ka sayar ka kawo kuɗi ka cinye, ko ka karɓi kuɗi da sunan kayan da ka san babu su. Mai bin bashi da ya gaji yakan canza wa bashinsa suna ya kira shi cin amana don a kama mutum a tsorata danginsa su biya. Abin da ke raba gardama takarda ce, ko shaidun da suka ji sharaɗin da aka yi ranar da aka ba da kayan.

In har an kai mutum komisariya ko birgad ɗin jandarma an tsare, tsarewar bincike a laifukan yau da kullum awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Ta'addanci da makamantansa suna da nasu wa'adin daban. Dangi su riƙe lokacin da aka shiga da shi, da awa da minti, don daga nan ake lissafi. Yana da ikon ɗaukar lauya, kuma ƙa'idar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa ta 2014 ta ce tun daga lokacin kamu. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar bayani sai an karanta masa an fassara da Hausa, don da Faransanci ake rubuta ta, kuma ita alƙali zai fara gani. In za a miƙa shi kotu, doka ta nemi a haɗa da takardar likita mai nuna ba a taɓa lafiyarsa ba. Wanda aka daka ya nemi tasa takardar likitan a ranar, ya ɗauki hoton raunin kafin kumburi ya saɓe, ya kai ƙara wurin mai gabatar da ƙara. Tara kuwa duk wadda aka biya a karɓi takardar shaidar biya mai lamba da hatimi. In babu ita ba tara aka biya ba. Sannan a sani, yafewar mai kaya ba ta kashe shari'ar sata da kanta. Mai gabatar da ƙara ne ke da ikon rufe fayil, ko da yake takardar sulhu da shaidar an mayar da kaya suna da nauyi a gabansa.

Ƴan kasuwarmu da ɗalibai masu fita waje su lura, ladabin gida yana iya zama haɗari a wani wuri. A nan in an tsayar da kai, girmamawa ce ka fito daga mota ka taka zuwa wurin jami'i, ka sunkuyar da kai, ka zura hannu aljihun riga ka ciro takardu tun bai tambaya ba. A Amurka kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya karanta shi a matsayin shirin kai hari ko rashin gaskiya. A can ka kashe mota, ka sauke gilashi, ka ɗora hannu biyu kan sitiyari, in dare ne ka kunna fitilar ciki, kada ka fito sai an ce ka fito, kuma kafin ka taɓa aljihu ka faɗa da baki inda takardar take ka jira a ce ɗauko. Ba a haɗa takarda da ɗan na goro, a Turai ko a Amurka. Wannan kaɗai ya isa a mayar da tarar gudu ta zama tuhumar ba da cin hanci.